Yadda gonar Bafalasɗine ke fita daga hannunsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Jaridarku na ƙoƙari wajen kawo labarin hare-haren da ake kai wa Gaza, Allah ya saka. Sai dai akwai abin da ba a cika yi wa masu karatu bayaninsa ba, wato hanyoyin da ake bi a ofis da kotu a raba Bafalasɗine da filinsa. Wanda bai san su ba zai ɗauka rikici ne kawai da ke tashi ya lafa, alhali aiki ne da ake yi daki-daki.

A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ƙasar Yahudawa kusan kashi 55 cikin ɗari na Falasɗinu, lokacin da filin da ke hannun Yahudawa bai kai kashi 7 ba. Yaƙin 1948 ya raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 194 ya ce a bar su su koma. Isra'ila ta amsa da dokar 1950 kan dukiyar waɗanda ba su nan: wanda ya gudu lokacin yaƙin, gida da gonarsa sun koma hannun wani jami'in gwamnati, daga nan a miƙa wa hukuma ko Asusun Yahudawa na Ƙasa, ƙungiyar da ke riƙe filaye domin Yahudawa. Dokar ta hau har kan mutanen da suka fake a garin maƙwabta, suka kuma ci gaba da zama cikin Isra'ila. Suna ganin gonakinsu da idonsu, amma a takarda ba su nan.

A Yammacin Kogin Jodan, wanda Isra'ila ta mamaye a 1967, da farko da sunan buƙatar soja ake karɓe fili a gina wa 'yan kama-wuri-zauna. Da kotun ƙolin Isra'ila ta ƙi yarda da wannan hujja a shari'ar matsugunin Elon More a 1979, sai aka koma ga dabarar ayyana fili a matsayin mallakar gwamnati. Nan ya kamata mai karatu ya nutsu. A 1968 sojoji suka dakatar da rajistar filaye, lokacin kusan kashi ɗaya bisa uku kawai aka yi wa rajista. Sai aka ɗauko dokar filaye ta Daular Usmaniyya ta 1858, wadda ta ce gonar da aka bari shekara uku ba noma tana iya komawa ga hukuma. A ɗauki hoton wuri daga sama, a ce ba a noma shi, a ba mai shi kwana 45 ya ɗaukaka ƙara gaban kwamitin soja. Shi ne zai kawo shaida, shi zai biya lauya da mai awon fili, kuma takardar harajin da ya gada daga kakansa sau da yawa ba ta wadatar. Tudun da ake kiwo a kai ba a lissafa shi cikin wanda ake nomawa. Mafi ciwo, manomin da shinge ko barazanar 'yan kama-wuri-zauna ta hana shi shiga gonarsa, shekarun nan uku suna tafiya a kansa. Cikin filayen gwamnati da aka rarraba, abin da ya je hannun Falasɗinawa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba.

Yarjejeniyar Oslo ta 1995 ta bar yankin C, kusan kashi 60 na Yammacin Kogin Jodan, a hannun Isra'ila, wai na ɗan lokaci. A can ɗaki, garken awaki ko tankin ruwa duk sai da izini, kuma fiye da kashi 90 na masu nema ba sa samu. Iyali su ƙaru, a yi gini ba izini, takardar rusau ta biyo baya. Kusan kashi 18 na yankin Yammacin Kogin Jodan an maishe shi filin atisayen soja, kuma da wannan hujjar kotu ta amince a 2022 a tashi mutum sama da dubu a ƙauyukan Masafir Yatta da ke kudancin yankin. Ga kuma salon da ya yi ƙarfi a shekarun nan: 'yan kama-wuri-zauna kaɗan su kafa ruga a kan tudu da garken tumaki, su hana makiyayan wurin kiwo da ruwa har su kwashe kayansu da kansu.

Katangar da Isra'ila ta fara ginawa a 2002, kusan kashi 85 na hanyarta cikin Yammacin Kogin Jodan ta ratsa, ta raba manoma da itatuwan zaitun ɗinsu. A Gabashin Ƙudus kuwa, dokar 1970 ta ba Bayahude damar neman gidan da ya mallaka kafin 1948, abin da ake korar iyalan Falasɗinawa da shi a unguwannin Shaikh Jarrah da Silwan. Bafalasɗinen da ya bar gida a Yafa ko Haifa, garuruwan da yanzu ke cikin Isra'ila, ba shi da irin wannan dama.

Yau 'yan kama-wuri-zauna sun haura 700,000. Sashe na 49 na Yarjejeniyar Janeba ta Huɗu ya hana mai mamaya zaunar da mutanensa a ƙasar da ya mamaye, kuma a 19 ga Yuli 2024 Kotun Duniya ta ce mamayar haramtacciya ce, a kwashe su. Ya kamata a lura cewa da yawa daga cikin waɗannan alƙaluma ƙungiyoyin Isra'ila masu kare haƙƙin ɗan Adam irin su B'Tselem ne ke tono su, don haka zancen a kan manufar sahayoniya yake, kada a ɗora shi kan kowane Bayahude.

Roƙonmu, Malam Edita, idan labari ya zo cewa an amince da sabbin gidaje a wani matsuguni, ku faɗi sunan ƙauyen da aka karɓi filinsa, girman filin, da dokar da aka fake da ita. In da hali ku haɗa da taswira.

Wassalam.
Wasu masu bibiyar lamarin Falasɗinu