A rage wa yara hasken eksire wajen hoton haɗiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ɗiyata 'yar wata takwas in tana shan nono sai ta ƙware har numfashinta ya sarƙe, likita ya tura mu hoton haɗiya, wanda ake dama bariyum, wani farin sinadari da ke fitowa a hoton eksire, a madara a ba yaro ana kallon maƙogwaronsa ta eksire. Wallahi hoton ya yi mana amfani, amma ina tsaye ina gani injin na kunne tana ta kuka ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba, kuma jikin yaro ya fi na babba jin wannan haske fa. Don Allah ma'aikata su riƙa kunna shi lokacin haɗiya kawai, su taƙaita hasken iya baki da wuya, hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya da injinan eksire a Najeriya kuma ta riƙa duba injinan nan.

Wata uwa, daga Kano.