A Sake Duba Yadda Ake Gina Azuzuwan Makarantunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin ilimi da na ayyuka kan irin ginin da ake yi wa makarantunmu.

Ni malamin firamare ne a birnin Kano. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ajin da nake koyarwa, wanda aka gina da bulo aka rufa da kwano ba tare da silin ba, yakan zama tamkar tanda tun kafin azahar. Yara kan yi ta fifita da bangon littafi, gumi yana ɗiga a kan takarda har rubutu ya jiƙe, wasu kuma su kifa kai a kan benci barci ya kwashe su. Mai hali yakan sa na'urar sanyaya ɗaki ya tayar da janareto, hayaƙin kuwa unguwa duka ce ke shaƙarsa.

Abin da ke damuna shi ne maganin yana kusa da mu. Duk wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama da tsakar rana ya san sanyin da katangar ƙasa mai kauri take riƙewa, domin takan tsare zafin yini, ba ta sakinsa sai dare ya yi. Maƙwabtanmu sun ɗauki wannan hikima sun sabunta ta. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya kammala makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka gauraya da siminti kaɗan. Bai yar da kwano ba, sai ya ɗaga shi a kan ƙarafa, ya bar tazara tsakaninsa da rufin tubali na ciki, ta yadda iska za ta riƙa ratsawa tana kwashe zafin kwanon kafin ya sauko kan yara. Faɗin rufin kuma yana kare bango daga dukan ruwan damina, wanda shi ne babban abin da ake tsoro a ginin ƙasa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami lambar yabo ta Pritzker, babbar lambar yabo ta duniya a fannin zanen gine-gine. A Dandaji ta jihar Tahoua a Jamhuriyar Nijar, ƙasar Hausa ke nan, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan tubali a 2018, suka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu.

Na san mutanenmu da yawa suna ganin ginin ƙasa alamar talauci ne, shi ya sa nake ganin gwamnati ce ya kamata ta fara, ido ya gani.

Sai batun ruwa. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Ke nan rufin da ya kai murabba'in mita 100, a daminar da aka sami milimita 700, zai iya tara lita 70,000, kwatankwacin jarka 2,800 mai lita 25. Duk wannan muna barinsa ya kwarara ya cika kwata ya yi ambaliya, sannan da rani mu koma neman 'yan ga-ruwa.

Roƙona shi ne a cikin azuzuwan da za a bayar da kwangilarsu bana, a keɓe ko da makaranta guda a kowace ƙaramar hukuma, a gina ta da matsattsen tubali da rufi mai tazara, a sa mata indararo da tankin ruwa mai murfi, a kuma dasa darbejiya ta ɓangaren yamma inda ranar la'asar take bugawa. Idan bazara ta zo a auna zafin cikinta da na ajin bulo, a bayyana wa jama'a sakamakon.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare,
Kano.