Zuwa Ga Uwata, Da Aka Ba Ta Riƙon Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da takan motsa idan sanyi ya shigo, amma da sauƙi. Babanki yana gaishe ki, ya ce Allah ya sanya albarka a wannan sabon nauyi.

Ranar da kika kira ni kika ce an ba ki incaj na asibitin, na yi miki addu'a a waya amma ban faɗi duk abin da ke raina ba, don gidan cike yake da baƙi. Kin ce mutum 11 ne a ƙarƙashinki, huɗu masu aikin sa-kai ne, biyu kuma sun girme ki a shekaru da daɗewa a aiki. Kin ce an turo muku adadin yaran da ake so ku yi wa rigakafi a shekarar nan, ga shi ma'aikatan duk jikinsu ya yi sanyi. Kika ce, "Mama, yaya zan yi su tashi tsaye?" Tun ranar nake juya tambayar nan, kuma na ga ba zan iya amsa ta ba sai na ba ki labarin wani abu da ban taɓa gaya miki ba.

Kina ƙarama lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, aka dawo da shi a watan Yulin 2004. Bayan dawowar, aiki ya yi zafi ƙwarai. Cutar ta bazu, idon duniya yana kanmu, kowane shugaba yana matsa wa na ƙasa da shi. Ni a lokacin ina kula da wasu rukunoni na 'yan mata masu bi gida-gida. Kin san tsarin: mai ɗiga wa yaro magani a baki, mai rubutu a takardar ƙidaya, a shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa, a yi alama da alli a bangon gidan. Da yamma mu taru a yi lissafi. Tambayata guda ce kullum, yara nawa? Wadda ta kawo adadi mai yawa in yabe ta a gaban kowa, wadda ta gaza in yi mata faɗa har ta sunkuyar da kai. Akwai rukuni ɗaya da ba ya taɓa gazawa, da su nake yi wa sauran gori.

Bayan 'yan watanni aka kawo mana wani yaro da bai cika shekara biyu ba, ƙafarsa ɗaya ta saki. Na bi uwar har gida. Ga alamar allinmu a bango, tana nuna an yi wa duk yaran gidan. Uwar ta rantse ba wanda ya taɓa ɗiga wa ɗanta komai. Na kira 'yan matan rukunin nan da ba ya taɓa gazawa, ɗaya ta fashe da kuka ta ce maigidan ne ya kore su, suka ji tsoron su dawo su ce mini akwai gidan da ba a yi wa rigakafi ba, suka yi alamar suka cika takarda. Uwata, na yi niyyar korar su, amma da na kwanta da dare na ga ni ce na koya musu. Na nuna musu cewa lamba kawai nake so, suka kawo mini lamba. Kuma ni ce na sa hannu a takardar ba tare da na taka ƙafa na duba ko gida ɗaya ba. Har yau idan na ga gurgu mai shekarun yaron nan yana tura keke a bakin titi, gabana yana faɗuwa.

Daga ranar na canza tambayar da nake yi da yamma. Na koma cewa, gida nawa aka hana ku shiga yau, kuma me suka ce muku? Wadda ta kawo mini gidan da aka ƙi, ita nake fara yi wa godiya, don ta nuna mini inda aikin yake. Washegari mu ɗauki mai unguwa ko liman mu koma tare. Wani maigidan ƙorafinsa shi ne an bi shi da ɗigo har gida alhali ya kai ɗansa asibiti da zazzaɓi bai samu magani ba, kuma gaskiyarsa ce, sai mu saurare shi. Adadinmu ya sauka a takarda a zagayen farko, na sha faɗa daga sama, na haɗiye. Irin wannan komawa ce, da shigowar sarakuna cikin aikin sosai daga 2009 a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ta kai mu ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, shekara huɗu bayan ganin ta na ƙarshe a Borno a 2016. Ranar na yi kuka a gaban rediyo.

To ki kula da abin da kike tambayar mutanenki, domin shi za su kawo miki, na gaske ko na ƙarya.

Adadin nan na shekara da aka turo muku, kar ki ɗauke shi gaba ɗaya ki aza musu a ka. Babu wanda zai iya riƙe lissafin shekara a zuciyarsa ranar da layi ya kai bakin ƙofa, ga firij ya ƙi sanyi. Ki zaɓi abu ɗaya da za a iya ƙirgawa duk mako. Da ni ce, da yaran da ke ɓacewa a tsakiya zan fara. Uwa takan kawo jariri a yi masa Penta ta farko, allurar nan mai kare yaro daga cututtuka biyar, a mako 6, wata ta dawo a mako 10, amma kafin ta uku a mako 14 sai ki neme ta ki rasa, balle ta ƙyanda a wata 9. Sunayensu suna nan a rajistarku, har da unguwa. Ki zauna da ma'aikatan ranar da aiki ya yi sauƙi, ku buɗe rajistar tare, ku fitar da sunayen yaran da lokacinsu ya wuce. Sa'annan ki yi shiru ki tambaye su, cikin waɗannan nawa za mu iya dawo da su kafin mako mai zuwa? Idan suka ce biyar, ki karɓi biyar ɗin ko da zuciyarki tana son goma. Abin da mutum ya furta da bakinsa yana jin kunyar ya kasa cika shi, wanda aka ɗora masa kuwa uzuri kawai yake nema. Ku rubuta a allo inda kowa zai gani, mako na zagayowa ku duba. Idan an samu uku, ku tambayi abin da ya tare sauran biyun, ko ƙaura suka yi, ko zazzaɓin bayan allura ne ya tsorata uwar ba wanda ya yi mata bayani tun farko.

Kuma ki riƙa tuna musu dalilin. Kin ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023, yara suna kasa numfashi a hannun iyayensu, alhali yana cikin cututtuka biyar da Penta ke karewa. Ma'aikacin da ya san sunan yaron da yake bi ya fi wanda aka ce masa ya cike kashi kaza cikin ɗari ƙwazo nesa ba kusa ba.

Yanzu maganar sanyin jiki. Kafin ki kira kowa malalaci, ki san yadda yake zuwa aiki. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, ke ma kin san iya inda yake kai mutum a wata. Masu sa-kai kuwa ko wannan ba su da shi, wata da kuɗin mijinta ko na babanta take hawa A Daidaita Sahu ta zo ta yi muku aiki, tana fatan wata rana a ɗauke ta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba ki da ikon ƙara wa kowa albashi, kuma kar ki yi musu alkawarin abin da ba a hannunki yake ba. Amma akwai abubuwan da ke hannunki, kuma su ne ma'aikata suka fi zuba wa ido. Jadawalin aikin dare da na ranakun hutu, ki raba shi da adalci, ki sa sunanki a ciki. Idan takardar bita ta zo, wadda ake ba da ɗan alawus, kar ki riƙa tura kanki ko ƙawarki kullum, ki yi layi a rubuce kowa ya san lokacinsa, har masu sa-kai. Na ga asibitin da wannan abu kaɗai ya raba kan ma'aikatansa shekara da shekaru. Idan alawus ɗin wani ya maƙale a ƙaramar hukuma, ki je da ƙafarki ki bi masa, ya ga kin je. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ko ba ke ce mai biya ba, ke ce mai bakin da za a ji.

Idan asibitinku yana cikin masu samun kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, ki baje lissafinsa a fili gaban ma'aikata da kwamitin mazaɓa, abin da ya shigo da abin da aka saya. Ranar da aka fara raɗe-raɗin incaj tana ci, ba sauran wanda zai ɗaga miki tsinke da zuciya ɗaya.

Su biyun nan da suka girme ki, na san su ne suka fi damun ki. Ki sa kanki a matsayinsu, an ɗauko wadda suka koya wa riƙe sirinji an ɗora a kansu. Ki ci gaba da kiran su Anti ko Yaya kamar yadda kika saba, ki riga su gaisuwa. Duk shawarar da za ki kawo a mitin, ki fara shiga wurinsu ki ce, "Anti, ga abin da nake tunani, yaya kika gani?" Sau da yawa za su gaya miki an taɓa gwadawa, ga inda ya lalace, kin ga kin huta. Idan gyara ya kama, ki rufe ƙofa ku biyu. Amma girmamawa ba ta nufin ki kau da kai idan an yi abin da zai cutar da majiyyaci. Nan ki tsaya kyam, da murya mai taushi, kuma kar ki janye.

Na ƙasa kuma ki ba kowa wani abu da zai ce nasa ne. Ki damƙa wa ƙaramar cikinsu firij ɗin rigakafi, ta riƙa duba ma'auni safe da yamma tana rubutawa, ta tabbatar sanyinsa yana tsakanin digiri 2 da 8, ta san alamar jikin kwalba da ke yin duhu idan zafi ya lalata maganin. Idan masu duba aiki suka zo, ki ja baya ki bar ta ta yi bayani da kanta, su yabe ta a gabanki. Za ki ga yadda tafiyarta za ta canza. Iya mai shara da Baba mai gadi, ki san sunayen 'ya'yansu. Baba mai gadi ne farkon wanda mai naƙuda take gani da ƙarfe biyun dare.

Ban manta watan Fabrairun 2013 ba, da aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a nan Kano. Bayan haka na ɗauka babu wadda za ta sake ɗaukar akwatin ƙanƙara. Wasu iyayensu sun hana su, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka fito, ɗan kuɗin da ake ba su bai kai a sayar da rai a kansa ba. Ɗaya ta ce mini, "Mama, in dai kina gaba za mu bi." Na saka hijabina na shiga gaba, ƙafafuna suna rawa.

Ke kanki kuma kar kujera ta cinye ki. Ranar rigakafi da ranar awo ki fito ki kama aiki da hannunki ko na awa ɗaya ne, kar hannun ya manta. Maganar ƙarin karatun da kike ta ɗagawa, ki sa mata shekara, ki zauna da maigidan ku tsara, ni zan riƙe yaran idan lokacin jarrabawa ya zo. Ki sayi ƙaramin littafi, duk daren Alhamis ki rubuta abu ɗaya da kika yi daidai a makon da abu ɗaya da za ki gyara. Na fara wannan a makare, shekara goma kafin in yi ritaya, na so a ce tun farko ne. Kuma tun yanzu ki fara koya wa wata aikinki, rahoton wata da odar magani da komai. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta iya zuwa kowane ƙauye da kanta ba, sai ta koyar da jajis, wato mata malamai masu zagaya ƙauyuka, ta ɗora musu malfa, su suka kai karatu ga matan karkara, har bayan rasuwarta aikin bai tsaya ba. Kar ki ji tsoron wadda kika koya wa za ta ture ki. Ranar da ɗanki ya kwana da zazzaɓi, ita ce za ta sa ki zauna a gida hankali kwance.

Na ba direban da ya saba zuwa wajenku ƙullin kuka da daddawa da ɗan yajin da kike so, ki aika a karɓa a tasha ranar Asabar. Ki shafa mini kan yaran, ki gaishe da maigidan da surukarki. Idan kun yi wata guda da fara allon nan, ki kira ni ki gaya mini yara nawa suka dawo, da waɗanda ba su dawo ba da dalilinsu. Ina jira.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki, ya haɗa ki da abokan aiki na gari.

Mahaifiyarki.