Amsa ga marubucin da ya ce ba ni da tausayin masu taɓin hankali

Assalamu alaikum, Malam.

Da a gida ka same ni da tambayarka, da a zaure za mu gama ta. Amma tunda a gaban jama'a ka aza mani ita, a gaban jama'a zan sauke.

Saboda waɗanda ba su san mafarin zancen ba: makon jiya na yi ƙorafi a Facebook kan shirinku mai dogon zango, inda miji ya share fitowa sama da 30 yana jibgar matarsa, ya kulle ta a ɗaki, ya ƙwace mata waya, har ya zubar mata da ciki. Sai ana dab da rufe zangon aka kawo likita da farar riga ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne ya kama shi tun yana yaro, saboda azabar matar uba. Aka saki sarewa mai taushi, matar ta durƙusa tana kuka, ita ke neman gafararsa. Na ce wannan zalunci ne. Kai kuma ka ambaci sunana, ka ce: "Hajiya, ke da kike tinƙaho da aikin jinya, ashe ba ki da tausayin marar lafiya? So kike a ci gaba da nuna mai taɓin hankali kamar dodo? Kuma ke kin taɓa rubuta ko shafi ɗaya na fim?"

Ta ƙarshen ba ta da nauyi. Ban taɓa rubuta fim ba. Ban kuma taɓa fawa ba, amma in mahauci ya miƙo mani ruɓaɓɓen nama hancina zai gaya mani. Batun da yaranka ke yaɗawa a ƙasan rubutun, wai wasu abokan hamayyarku ne suka turo ni, wannan na bar su da Allah.

Wadda ta hana ni barci ita ce ta rashin tausayi.

Malam, na haife ka, ko ban haife ka ba na yi ƙane da kai na nesa. Shekara 26 na yi ina aiki a ɗakin masu lalurar ƙwaƙwalwa. Na yi wa mata wanka waɗanda danginsu suka ajiye su a bakin ƙofa suka gudu. Na tsefe kan da ya shekara ba a taɓa shi ba. Kafin duk wannan, a cikin gidanmu na fara sanin ciwon nan. Yayana, wanda nake bi, Allah Ya jiƙansa, yana da shekara 22 ya fara jin muryoyi. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa. Abin da na gani da idona shi ne yara na bin sa da jifa daga bakin kasuwa har ƙofar gida, shi kuwa ya rufe kansa da hannu biyu yana cewa su yi haƙuri. Da abin ya yi tsanani aka kai shi wani waje aka sa mashi mari. Ranar da muka je ɗauko shi, ƙarfen ya ci naman idon sawunsa har ya nutse, sai da aka kira maƙeri. Ni na riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri, wata biyu cur, yana kallona yana ce mani sannu. Wannan mutumin ne ya sa na zaɓi aikin da na yi. Ka tambayi duk wanda ya san ni a garin nan, daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Ƙaura, ko an taɓa jin na kira majinyaci da sunan banza.

To bari in gaya maka abin da ya sa na ce mutuminku ba marar lafiya ba ne, da hujjar da ku kanku kuka ɗauka da kyamara. Kafin ya fara dukanta yakan tura ƙofa ya sa sakata. Akwai fitowar da ya ƙara muryar rediyo don kada maƙwabta su ji. Yana dukanta a baya da cinya, inda hijabi zai rufe, ya bar fuska. Da aka yi sallama yana tsakiyar dukan, ya ajiye belet, ya gyara hula, ya fita yana fara'a ya raka baƙo har bakin titi. Maigidansa a wurin aiki ya ci mashi mutunci gaban mutane, ya durƙusa yana "ranka ya daɗe", sai da ya dawo gida ya huce a kanta. Mutumin da ya san wa zai daka, da ina zai daka, da yaushe zai daina, hankalinsa na jikinsa. Lissafi yake yi.

Ba na musun cewa ciwo kan sa duka. Ina da tabo a hannun hagu, wani saurayi ne ya cije ni ranar da aka kawo shi a ɗaure. Amma shi bai zaɓe ni ba. Ya kai wa mahaifinsa, ya kai wa ɗan sandan da ya rako su, ya buga kansa da bango. Bayan sati uku da magani ya kama shi, da ya ga bandejin ya tambayi abin da ya same ni, aka gaya mashi, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kuma irinsa kaɗan ne. Mafi yawan waɗanda na yi jinya su ake duka, su ake yi wa fyaɗe, su ake cinye wa gado. Tsoro ya fi yawa a idonsu.

Don haka da ka ce ina son a nuna su kamar dodo, sai na ga ka juya zancen. Ku ne kuka yi haka. Kun ɗauki azzalumi mafi muni a shirin, kuka liƙa mashi sunan ciwonsu. Uwar da ta kalli shirin nan, gobe aka zo neman auren ɗiyarta aka ce yaron ya taɓa shan maganin damuwa, me kake jin za ta tuna? Mijin nan mai belet na shirinku. Majinyacin da muke lallashi ya riƙa zuwa karɓar magani ba tare da ya rufe fuska da rawani ba, kun ƙara mashi dalilin ɓuya. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Daura, duniya ta ga mutane da sarƙa a ƙafa, kuma danginsu ne suka kai su da hannunsu. Tsoro da rashin sani ke kai mutum ga ɗaure ɗansa. Sai a watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon majinyaci a matsayin abin tsarewa kawai. Da ƙyar aka kawo nan. Shiri ɗaya da ake kallo a kowace waya yana iya mayar da mu baya.

Sannan ga matar. Ita ce kuka fi zalunta, kuma ko sau ɗaya ba ka ambace ta a tambayarka ba. Kwana biyu da fitowar nan wata yarinya maƙwabciyata ta shigo mani da yamma, wai ta zo aron turmi. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafi, can ta ce, "Mama, ko shi ma Baban Amira ciwon nan ne da shi? Ko ni ce ban fahimce shi ba?" Yarinyar nan sau biyu tana yaji. Na taɓa gasa mata haƙarƙari da hannuna. Ta riga ta yanke shawarar kai ƙara wurin waliyyinta, shirinku ya sa ta koma tana tuhumar kanta. Dama can kowa haƙuri yake ba ta: uwa ta ce aure ibada ne, gwaggo ta ce ki rufa mashi asiri, ku kuma kuka zo da likita ya sa hannu.

Kuma ko da ciwon gaskiya ne, wa ya ce mace ta zauna a kashe ta? Hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har hankalinsa ya dawo, magana yake kan wanda hankali ya gushe mashi. Dokar Penal Code da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ma, a sashe na 51, wanda ta ɗauke wa laifi shi ne wanda saboda taɓin hankali a lokacin aikatawa bai san abin da yake yi ba, ko bai san laifi ne ba. Mai sa sakata ya sani. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, hauka na cikin aibobin da ke ba mace zaɓi: a ɗibar wa miji shekara guda ya nemi magani, in bai warke ba tana da damar rabuwa. Cutarwa kuwa dalili ce da alƙali ke raba aure a kanta. Malamai sun buɗe mata ƙofa tun ɗaruruwan shekaru, ku kun rufe ta da sarewa.

Abin da ya fi ci mani rai, ba ku kaɗai ba ne, kuma ba yau aka fara ba. A da in marubuci ya kai mugu maƙura ya rasa yadda zai yi da shi, sai a ce sammu kishiya ta yi, ko aljani ne ya shige shi, a kawo malam ya tofa, shi ke nan an wanke shi. Yanzu an waye, boka ya koma likita, tasbaha ta koma farar riga. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, Hausawa sun faɗa tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Ana son jarumin ya dawo a zango na biyu 'yan kallo na sonsa, domin shi ke jawo kallo a YouTube, kallo kuma shi ne kuɗi. Ni dai na lura ranar da ka jefo mani tambayar nan ita ce ranar da kuka saki tallar sabon zango. Kuma ina da yaƙinin ba ku zauna da likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya ba kafin ku rubuta, domin babu likitan da zai kalli mutum minti biyu a falo, ba tarihi ba gwaji, ya yanke mashi ciwo, ya juya ya ce wa matar da ke ɗingishi ta ƙara haƙuri. Ga asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, ga na Dawanau a Kano kusa da ku. Kuɗin motar zuwa bai kai na kayan da jarumar ta sa a fitowa ɗaya ba.

Ban ce kada a nuna yarintar azzalumi ba. Ku nuna, matar uba ta gana mashi azaba, mu tausaya wa yaron. Amma ƙannensa ma a gidan suka tashi, ba su daki matansu ba, wannan ma ku nuna. In kuna son labarin mai taɓin hankali, ku rubuta shi shi kaɗai, da maganinsa, da jifan da yake sha, da ƙanwar da ke wanke mashi ƙafa. Zan zauna da kai kyauta in ba ka abin da na sani, ba tare da na tona asirin kowa ba.

Zangonku na biyu bai fita ba tukuna. Yarinyar nan da kuka bari a durƙushe, ina roƙonka ka tashe ta, ka sa yayanta ya zo ya ɗauke ta, a kai mijin asibiti in asibitin ne, a kai shi gaban alƙali in alƙalin ne. Maƙwabciyata na kallo, kuma har yau ba ta je wurin waliyyin nata ba.

Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Ƙofar Marusa, Katsina.