Goma Ka Nema, Biyu Zan Ba Ka

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso tun makon jiya, da gangan na ƙi amsawa ta waya, don tambayar taka ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce in gaya maka abin da mutane ke karantawa yanzu, sannan in jero maka littattafai goma da za ka nema. Ta farkon zan amsa gwargwadon abin da idona ya gani. Goman nan kuwa ba za ka samu ba. Na san halinka, in na ba ka goma za ka sayi shida, ka buɗe uku, ka gama babu. Biyu zan ba ka.

A wurin aikinmu littattafan gyaran hali da na neman kuɗi ne suka cika tebura. Wanda na fi gani shi ne Atomic Habits na James Clear, wanda ya fito a 2018. Maganarsa ita ce in mutum ya riƙa ƙara kyautata abu da kashi ɗaya cikin ɗari kullum, kafin shekara ta zagayo ya ninka kusan sau 37. Lissafin daidai ne a takarda. Wani abokin aikina ya yi wata huɗu yana yawo da nasa a jaka, tsinken da ya sa alama da shi yana nan a shafi na arba'in da wani abu, har wurin ya yi shaida. Ban ce littafin banza ba ne, na karanta, akwai abin ɗauka. Sai dai abin da ke cikinsa bai wuce a faɗe shi a zama ɗaya ba. Ƙanwata kuma a waya take nata karatun, labaran da marubutansu ke sakewa babi-babi. Ranar da babin ya makara, kowa a gidan sai ya sani. Da ina yi mata tsiya, sai na lura a wata guda tana cinye shafukan da ni ban karanta a rabin shekara ba, na ja bakina na yi shiru.

To ga na farko: tafiye-tafiyen Ibn Battuta, wanda ake kira Rihla. Shi ne a gefen gadona yanzu. Mutumin nan ya bar Tanja ta ƙasar Maroko a 1325 yana ɗan shekara 21 da niyyar aikin hajji, bai ajiye sandar tafiya ba sai bayan kusan shekara talatin. Ya yi alƙalanci a Delhi a ƙarƙashin Sarki Muhammad bin Tughluk, ya sake yin wani a tsibiran Maldibs, ya je har Sin. Da ya dawo ne ya zauna yana faɗa, wani marubuci mai suna Ibn Juzayy yana rubutawa.

Abin da ya riƙe ni a littafin shi ne halin mai labarin. Mutum ne mai son a girmama shi, mai ƙorafi, kuma bai iya ɓoyewa ba. Da ya ƙetara Sahara a 1352 ya bi ta Tagaza, inda ya tarar da gidaje da masallaci an gina su da tubalin gishiri, an rufe da fatun raƙuma. Ya isa Mali, aka ce masa ga kyautar sarkin ƙasar, Mansa Sulaiman, tana zuwa, har ya miƙe tsaye yana sa ran riguna da dukiya. Sai aka dire masa ɗan abin baƙunta da bai taka kara ya karya ba. Ya ce dariya ya yi. Amma shi ɗin dai ne ya juyo yana yabon mutanen ƙasar da ƙin zalunci, da yadda matafiyi ke bin hanya ba tsoron ɓarawo, da yadda masallaci ke cika ranar Juma'a har wanda bai yi sammako ba ya rasa wuri. Mai ƙorafi in ya yabi abu, ka fi yarda da shi.

Akwai wurin da na rufe littafin na daɗe ban buɗe ba. A 1348, yana hanyar komawa, ya isa Dimashƙu, a nan ya ji labarin mahaifinsa ya rasu shekara goma sha biyar da suka wuce. Shekara goma sha biyar yana yawo da uba a zuciyarsa, uban yana ƙasa. Mahaifiyarsa ma bai tarar da ita ba, ta rasu kafin ya ƙarasa gida. Kai na tuna, ba zan ɓoye maka ba. Mu muna da waya a aljihu, amma yaushe rabon da ka kira tsohuwa ka bar ta ta yi hirarta har ta gaji don kanta?

Na biyun gajere ne, bai cika shafi ɗari ba a fassarar Turanci, wato So Long a Letter na Mariama Bâ, 'yar Senegal. Da Faransanci ta rubuta, ya fito a 1979, ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a 1980, ita kuma ta rasu a 1981. Dukan littafin wasiƙa ce guda, irin wannan da nake rubuta maka, sai dai tata ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba. Wata malamar makaranta ce, Ramatoulaye, tana cikin takaba, take rubuta wa aminiyarta Aissatou da ke Amurka. Mijin Ramatoulaye, Modou, bayan shekara 25 da aure da 'ya'ya goma sha biyu, ya auri ƙawar 'yarsu, ya kuma juya wa gidan farko baya. Aissatou irin wannan ta same ta, ita sai ta tattara 'ya'yanta ta tafi. Ramatoulaye ta zauna.

Na shiga littafin da shirin kare maza, in faɗa maka gaskiya. Na zaci zagi zan tarar. Abin da na tarar mace ce tana lissafin yadda aka yi, dalla-dalla, muryarta ko rawa ba ta yi. Ranar ɗaurin auren ba mijin ne ya gaya mata ba, liman da ɗan'uwan mijin da amininsa aka turo, suka zauna suna kewaye-kewaye kafin su fito da maganar. Wannan shafin na karanta shi sau uku. Na san irin wannan zaman, na ma taɓa kasancewa cikin 'yan rakiya, kuma ban taɓa tambayar kaina yadda maganarmu ke sauka a kunnen wadda ke zaune a gabanmu ba. Marubuciyar ba ta ce wadda ta tafi ta fi wadda ta zauna ba, ta bar mai karatu da su biyun. In ka gama ka miƙa wa maiɗakinka, amma ka shirya amsa tambayoyi.

Ka fara da wannan gajeren, dare biyu ya ishe ka. Ibn Battuta kuwa ba a yi masa gaggawa. Nemi taƙaitacciyar fassara tukuna, don cikakken yana da tsawo, kuma akwai wuraren da sunayen malamai da alƙalai kawai yake jerowa shafi bayan shafi. Tsallake su, ba wanda zai kama ka. Masana ma suna shakkar ko ya taka wasu wuraren da ya ce ya je, to ka karanta da ido biyu.

Saura magana ɗaya. Magana Jari Ce ɗina, littafi na biyu, wanda ka ara kana cewa kwana uku kawai, har yau gurbinsa yana nan a kanta tsakanin na ɗaya da na uku. Ɗana ya gama na farko yana ta tambayata inda aku ya tsaya. In yana cikin kayan da ka tafi da su, ka ba wani mai zuwa ya taho mini da shi. In kuma ya ɓata, ka faɗa mini kai tsaye in huce.

Ka rubuto mini abin da kai kake karantawa, ko da rabi ka kai. A gaida maiɗaki da yara.

Wassalam,
Naka har kullum.