Yunwar Haiti da shinkafarmu ta fadama

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Auyo, kuma tun da na ji labarin Haiti a rediyo abin ya tsaya mini a rai. Ƙasa ce a wani tsibiri can kusa da Amurka, mutanenta baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Yau kusan rabinsu suna fama da matsananciyar yunwa.

A watan Oktoban 2016 guguwar teku da ake kira Matthew ta afka wa kudu maso yammacin ƙasar. Ta kashe mutum sama da 500, ta yaye rufin gidaje, ta kwantar da gonakin ayaba, dabbobi suka halaka. Na san wannan ciwon. A ambaliyar 2022 ina tsaye a bakin gona ruwa ya shanye shinkafata tana gab da nuna, ko tiya ban ɗauka ba, ga bashin taki a wuyana. Noman rani ne ya rufa mana asiri.

Su kuwa mutanen Haiti tun kafin guguwar an riga an karya su. A 1995 aka matsa musu suka rage harajin shinkafar waje daga kashi 35 zuwa kashi 3 cikin ɗari. Shinkafar Amurka, wadda gwamnatin Amurka ke tallafa wa manomanta, ta cika kasuwa da araha. Manoman kwarin Artibonite, inda aka fi noman shinkafa a Haiti, suka rasa mai sayen tasu, da yawa suka ajiye fartanya suka kwarara babban birni. Bill Clinton, wanda shi ne shugaban Amurka a lokacin da aka rage harajin, da bakinsa ya amsa a 2010 cewa kuskure aka yi. Yanzu mafi yawan shinkafar da suke ci jirgin ruwa ke kawowa, bala'i kuma idan ya zo rumbu wayam yake tararwa.

Shi ya sa gabana ya faɗi a 2024 da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da shinkafa da masara na kwana 150. Wallahi ba na baƙin ciki da sauƙin da talakan birni ya samu, ƙanwata ma a Kano take aure. Amma kuɗin shanshera ya faɗi, taki da man injin ban ruwa ba su sauko ba. Ina roƙon wakilanmu su nema mana rangwame a kan waɗannan biyun kafin a fara yayyafin iri. Maƙwabcina bana bai taɓa gonarsa ba, 'ya'yansa biyu sun tafi birni ga-ruwa.

Wassalam.

Wani manomi,
Auyo, Jihar Jigawa