Takardar Koke Kan Haƙar Yashi Da Toshe Mashigin Ruwa A Unguwar Bakin Kogi, Yelwa

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi,
Ta hannun Mai Girma Hakimi da Mai Unguwarmu,
Fadar Sarki, Yelwa, Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwar ban girma da mubaya'a, mu talakawanka mazauna gidajen da ke jere a gaɓar Kogin Neja, muna roƙon izini mu kawo kukanmu gaban uba, domin gaɓar da muke zaune a kanta tana cinyewa, kuma abin ya fi ƙarfin mai unguwa.

Ranka ya daɗe, da yawa daga cikinmu 'ya'ya ne da jikokin mutanen da ruwa ya tasa lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, sa'ad da tafkin ya haɗiye tsibirai da ƙauyuka, aka sauya wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Iyayenmu sun bar gonaki da kaburburan kakanni a ƙarƙashin ruwa, suka haƙura, suka sake kafa gida. Daga baya malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya da 'yan kasuwar albasa suka zo suka yi gini tare da mu, ba don komai ba sai don shirun wurin. A da, idan aka idar da sallar isha'i, ba a jin komai sai kukan kwaɗi da bugun filafili na masuncin da ya makara. Da la'asar kuwa dattawa kan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro suna ɗinkin taru, iska mai sanyi tana tasowa daga ruwa, har baƙo ya yi tsammanin akwai fanka a sararin.

Wannan mangwaro shi ne shaidarmu ta farko. Yau rabin saiwoyinsa suna reto a iska, domin ƙasar da ta riƙe su ta tafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowa a nan ya san ruwan tafkin yakan cika bayan damina, ya ƙara samun ƙarfi da ruwan da ke isowa daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi, sannan ya ja baya da bazara, ya bar shimfiɗar yashi da laka. A wannan lokacin ne masu tifa suke shigowa, wani sa'in cikin dare, matasa su yi ta lodi da shebur daga gindin gaɓar kanta, inda yashin ya fi kusa da hanya. Idan ruwa ya dawo sai ya tarar da rami, ya shiga yana ƙwaƙular gaɓar ta ƙasa, har saman ya rasa abin dogara ya rufta. Akwai wata gwauruwa a cikinmu da bangon ɗakinta ya tsage, har mai wucewa yana hango hasken fitilarta ta cikin tsagar. Ta kwashe marayunta ta koma zaure da kwana.

Ba mu ce a hana kowa neman abinci ba. Masu lodin nan 'ya'yanmu ne, wasu ma a gidajenmu suke cin tuwo, kuma gari ba ya ginuwa sai da yashi. Abin da muka kasa fahimta shi ne a ce duk faɗin kogin nan ba a sami wurin ɗiba ba sai ƙarƙashin katangar mutane. Ramukan da ake bari su ma wani bala'i ne, domin idan ruwa ya rufe su, yaron da ya saba wanka a inda ruwa bai wuce gwiwa ba sai ya taka ya nutse. Ƙasar Yauri ba ta manta da jirgin da ya kife kusa da Warrah a watan Mayu na 2021 ba, kuma ba ma so mu ƙara wa masarautar nan wani makoki da hannunmu.

Magana ta biyu ta fi ta farko ɗaure kai. Wasu masu hannu da shuni, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, sun sayi filaye a bakin ruwa, suka ja katanga har cikin laka, suka haɗa da mashigin da mata ke bi zuwa wanki, masunta ke ɗaure kwale-kwale, makiyaya ke shayar da dabbobi. Da muka tambaya, sai mai gadi ya ce mana akwai takarda. Mu dai abin da muka sani shi ne wannan hanya ta girmi duk wata takarda da za a nuna, kuma dokar hanyoyin ruwa ta 1997 ta sanya mita 100 daga bakin kogin da jirage ke bi a ƙarƙashin kulawar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa. Waɗanda suka yi fatauci a Legas daga cikinmu sun ga ƙarshen irin wannan al'amari: da bakin ruwa ya yi daraja, sai aka wayi gari masuntan Otodo Gbame da ke kusa da Lekki sun rasa matsuguninsu a 2017. Yelwa ba Legas ba ce, amma can ma da katanga ɗaya aka soma.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya turo wakilinsa tare da Sarkin Ruwa su zo su ga gaɓar da idonsu, kuma zai fi kyau a zo kafin ruwa ya dawo ya rufe ramukan. Muna roƙon a dakatar da ɗibar yashi a gindin gidaje, a zauna da shugabannin masu tifa a keɓe musu wuri nesa da unguwa, a hana lodin dare. Muna kuma roƙon fada ta kira masu katangar nan ta sa a buɗe mashigin, a kafa masa alama da kowa zai gani, yadda ba za a sake sayar da shi ba. Game da gaɓar da ta riga ta zube, gyaranta aikin dutse ne da siminti wanda aljihunmu ba zai iya ba, shi ya sa muke fatan Sarki ya isar da maganar ga ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha da kuma hukumar N-HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da madatsun wutar lantarki suka shafa, irin namu. A namu ɓangaren, mun amince za mu fito aikin gayya mu dasa itatuwa a tsawon gaɓar, mu daina zubar da shara a ruwa, domin wannan laifin namu ne, ba za mu ɗora wa kowa ba.

Dattawanmu a shirye suke su gurfana a fada duk ranar da aka kira su. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwar bakin kogi, Yelwa.